Kafin Tarwada Ta Yi Ƙashi

 Na san abin da kuka saba ji daga bakin malamin ilimin halittu: a yi karatu, jarrabawa ta kusa, a share ɗakin gwaje-gwaje kafin a tashi. Waɗannan kun sha jinsu a taron safe. A bana ina so in yi muku maganar ƙashin kifi ne. Kada ku yi dariya tukuna. Dukanmu mun san ƙashin kifi a matsayin abin da ake tsamewa a ajiye gefen kwano, ko abin da yakan maƙale wa mai gaggawa a maƙogwaro. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambaya ko daga ina ya fito, da kuma wane lokaci ya soma. Amsar tana cikin mako biyu ko uku na farkon ran kifin, sa'ad da yake ƙarami ƙwarai har ba wanda yake kula da shi.

Bari mu ɗauki tarwada, gama ita ce kowa ya sani, ita ce kuma muke kiwo a kududdufin Ƙungiyar Matasa Manoma bayan ɗakin cin abinci. Masana suna kiranta Clarias gariepinus. Wani Bature mai suna William Burchell ne ya rubuta bayaninta a 1822, ya raɗa mata sunan kogin Gariep na Afirka ta Kudu. Yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi. Idan kuka dafa babbar tarwada kuka bi ƙashinta a hankali, za ku tarar da kai mai faɗi da tauri kamar an daɓe shi, da gaɓoɓin ƙashin baya tsakanin 56 zuwa 63, da siraran ƙasusuwa fiye da 60 masu riƙe da dogon fiffiken bayanta, da kuma ƙaya mai ƙarfi a kowane fiffiken ƙirji, wadda duk wanda ya taɓa kama tarwada da hannu ba zai manta da ita ba.

To, ranar da aka ƙyanƙyashe ta, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta da shi. Ƙwan tarwada bai fi ƙwayar gero ba. Idan zafin ruwa ya kai digiri 30, cikin awa 20 yake fashewa. Idan ruwan ya sauka zuwa digiri 20, sai ya kai awa 57. Abin da yake fitowa bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, jikinsa garau kamar ruwa, yana ɗauke da jakar gwaiduwa a ƙarƙashin ciki. Ba ya cin kome, gama bakinsa bai gama buɗewa ba; gwaiduwar ce guzurinsa na kwana uku ko huɗu. Abin da yake riƙe da jikinsa kuwa wata siririyar sanda ce mai lanƙwasuwa, daga kai har wutsiya. Masana suna ce mata notokod. Ni a aji nakan kira ta tsumagiyar baya, domin na lura sunan tsumagiya ba ya ɓace wa ɗan makaranta.

Yaya mutum zai ga ƙashin abin da shi kansa da ƙyar ake ganinsa? Labarin ya soma ne a kan teburin cin abinci. A 1736 wani likitan fiɗa na birnin Landan, John Belchier, ya ci naman alade a gidan wani mai rina tufafi, sai ya ga ƙasusuwan jajaye ne. Da ya bincika, ashe ana ba aladun dusar da aka jiƙa a ruwan rini, rinin kuwa na saiwar wani tsiro ne da Turawa suke kira mada. Jan launin wannan saiwa, wato alizarin, yana kama sinadarin kalsiyam, saboda haka duk inda sabon ƙashi yake tsirowa sai ya rine. Daga baya aka sami wani rini shuɗi, alsiyan, wanda shi kuma guringuntsi yake kamawa. A 1977 wasu masana biyu a Amurka, Dingerkus da Uhler, suka bayyana hanyar haɗa biyun a kan ƙananan dabbobi: a rina guringuntsi shuɗi, a narkar da duhun naman har ya zama garau, a rina ƙashi ja, sa'an nan a ajiye cikin gilisarin. Har yau da wannan hanya ake aiki, da 'yan gyare-gyare.

Abin da muka yi ke nan a zangon karatu na biyu, ni da 'yan ƙungiya. Muka sami 'ya'yan tarwada ranar da aka ƙyanƙyashe su, muka riƙa ɗibar guda biyar ko shida kowace safiya muna sakawa a ƙaramar kwalba, muna rubuta kwanan a jiki. Rinin kansa aikin haƙuri ne, kwanaki yake ci, ga warin magani mai sa hawaye. Wasu cikin samarin sun gudu tun a mako na farko, ba zan faɗi ajinsu ba. 'Yan mata uku ne suka riƙe aikin har ƙarshe. Ranar da muka jera kwalaben bisa ga kwanakinsu muka sa su ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin madubi, ɗakin ya yi tsit kamar ana jarrabawa.

Kwalbar ranar farko kusan babu launi. A ta biyu da ta uku sai ga shuɗi ya bayyana a kai: wasu siraran sanduna a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da bakan muƙamuƙin ƙasa, da jerin bakuna a maƙogwaro waɗanda za su ɗauki kayan numfashi. Dukansu guringuntsi ne, irin abin nan mai gurus-gurus da kuke taunawa a ƙirjin kaza. Sa'an nan ja ya fara shigowa, ɗigo-ɗigo. A nan ne ɗaya daga cikin 'yan matan ta yi tambayar da ta fi kowace daraja a wannan zango. Ta ce, "Malam, don me wani jan yake bin shuɗi, wani kuwa ya fito inda babu shuɗi ko kaɗan?" Amsar ita ce hanya biyu ƙashi yake bi. Wani yakan fara da guringuntsi, sa'an nan ƙashi ya kewaye shi ya maye gurbinsa, kamar yadda akan kafa itace kafin a yi yaɓe. Wani kuwa kai tsaye yake tsirowa cikin fata ko tsakanin tsoka. Yawancin daɓen nan mai tauri na kan tarwada irin na biyun ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jerin da ƙasusuwan suke bi. Da ni aka ba aikin, da na fara da rufin kai domin in kāre ƙwaƙwalwa. Kifi ba haka yake yi ba. Cikin na farko-farko akwai marfin nan na gefen kai da muke kira kunnen kifi, wanda a gaskiya ba kunne ba ne, ƙofar wurin numfashi ce. Akwai ƙashin kafaɗa da ke bayansa, inda tsokar da take buɗe baki take ɗaure. Akwai ƙasusuwan muƙamuƙi da 'yan ƙananan haƙora, da wani dogon ƙashi a rufin baki wanda yake raba abinci da ƙwaƙwalwa. Rufin kai yana zuwa daga baya can. Masana biyu na Jami'ar Gent a ƙasar Beljiyam, Dominique Adriaens da Walter Verraes, sun bi wannan jeri a kan irin tarwadarmu ɗin nan, suka buga sakamakon a 1998. Abin da suka nuna shi ne ƙashi yana zuwa bisa ga bukata: numfashi tukuna, sa'an nan ci, sauran su biyo baya. Dalilin a fili yake. Guzurin gwaiduwa kwana uku ne ko huɗu. Ɗan kifin da gwaiduwarsa ta ƙare bakinsa bai iya kama abinci ba, kyan rufin kansa ba zai amfane shi da kome ba.

Ƙashin baya kuma nasa salon daban ne. A jikin mutum gaɓoɓin baya suna fara zama guringuntsi kafin su zama ƙashi. A irin su tarwada da karfasa, tsakiyar gaɓar ba ta bin ta guringuntsi. Tsumagiyar nan tana da kube, kuma a jikin kuben ne ma'adinai suke taruwa zobe-zobe, tazara daidai, kamar gaɓoɓin rake. Zobban suna farawa daga kusa da kai suna tafiya zuwa wutsiya. A kwalabenmu na mako na biyu ana iya ƙirga su, na gaba jajaye sosai, na baya kuwa dishi-dishi. A lokacin nan ne kuma ƙarshen tsumagiyar yake ɗan ɗagawa sama, ƙasusuwan da za su riƙe wutsiya su jeru a ƙarƙashinsa, fatar nan siririya da ta kewaye jikin ta fara samun haƙarƙarinta ta zama fiffike. Ku riƙe wannan: kowane zobe yana da ranarsa. Wanda ya karkace a ranarsa, ko ya manne da maƙwabcinsa, a karkace ko a manne zai girma.

Gaɓoɓin farko na bayan kai suna da wani aiki na musamman. A tarwada da danginta, wasu sassansu suna zama 'yan ƙananan ƙasusuwa da suke haɗa jakar iskar da ke cikin kifin da kunnensa na ainihi, wanda yake can cikin kai. Motsin ƙara yana bugun jakar, ƙasusuwan su kai shi kunne. Wani Bajamushe, Ernst Weber, shi ya fara bayyana su a 1820, da sunansa kuma ake kiransu. Shi ya sa tarwada take da ji ƙwarai. Cikin kunnen kuwa akwai 'yan tsakuwoyi, waɗanda su ne abu mai tauri na farko a jikin kifi, tun yana cikin ƙwai. Ba ƙashi ba ne, sun fi kusa da alli. A 1971 Giorgio Pannella ya nuna cewa kowace rana tana barin zobe ɗaya a jikinsu, har mai madubi mai ƙarfi yana iya ƙirga kwanakin ɗan kifi kamar yadda ake ƙirga shekarun itace.

Wani zai ce, to Malam, mun ji, amma ina ruwan wanda ba zai rubuta jarrabawar ilimin halittu ba? Ga inda ruwansa yake. Bara wata uwa cikin 'yan Zumuntar Mata ta zo ɗakin gwaje-gwaje da bokiti a ka. Kuɗin adashinta ta kwasa ta gina kwamin kifi a bayan gida, ta sayi 'ya'yan tarwada wurin wani mai ƙyanƙyasa, ta ciyar da su wata huɗu. Ta sauke bokitin ta ce, "Malam, duba mini. Ko sammu aka yi mini?" Na duba. Wasu bayansu ya lanƙwashe kamar lauje, wasu sun yi doro, wasu gajeru ne dunƙule kamar an matse su, biyu kuwa marfin kunnensu bai rufe ba, ana hangen jan ciki. Na ce, "Mama, ba sammu ba ne, ba kuwa hannunki ba ne a yawancinsu. Waɗannan gajerun da masu buɗaɗɗen kunnen, tun kafin ki saye su abin ya same su." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Amma ai lafiyarsu ƙalau ranar da na ɗauko su." Gaskiya ta faɗa bisa ga abin da ido yake gani. Gaɓa biyu da suka manne a jikin kifi mai tsawon ɗan yatsa ba sa nunawa. Sai jiki ya yi girma, tsoka ta yi ƙarfi tana ja, sa'an nan aibin ya fito. Irin wannan kifi yana cin abinci kamar kowa, ba ya girma kamar kowa, mai saye a kasuwa kuma yakan ture shi gefe ko ya taya da wulakanci.

Me yake jawo haka? Abinci ne kan gaba. Ƙashi abu biyu ne a haɗe: zare mai kama da igiya da ake kira kolajin, da ma'adinin kalsiyam da fosfaras da suke daskarewa a jikin zaren. Kalsiyam kam kifi yana iya tsotsar mai yawa daga ruwa ta wurin numfashinsa. Fosfaras kuwa kaɗan ne a ruwa, dole daga abinci zai fito, kuma yawancin wanda yake cikin dusa da masara da waken soya a ɗaure yake, cikin kifi ba ya iya kwance shi sosai. Zaren kolajin ba ya ƙulluwa sai da bitamin C, tarwada kuwa, kamar mutum, jikinta ba ya ƙera wannan bitamin. A 1973 Richard Lovell na Jami'ar Obon a jihar Alabama ta Amurka ya nuna cewa tarwadar can da aka hana bitamin C bayanta yakan karkace har ya karye. Ga kuma wani abin da masu kiwo ba su cika sani ba: bitamin C yana lalacewa cikin buhun abincin da ya daɗe a zafi da laima. Buhun yana nan cike, ƙanshinsa ma bai sāke ba, amma abin da ƙashi yake bukata ya tafi. Saboda haka wannan kashi na matsalar yana iya samun kifi ko bayan an saye shi, na kuwa gaya wa Mama ta daina sayen abincin wata uku a lokaci ɗaya.

A kwanakin farko ɗan tarwada ba ya iya narkar da gari yadda ya kamata, abu mai rai yake so. Masu ƙyanƙyasa na kirki suna ba shi atemiya, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri da ake sayar da ƙwansu a gwangwani, ko kuwa ƙwarin ruwa da ake renonsu a kududdufi. Atemiya tana da tsada. Mai son riba da sauri sai ya yanke kwanakinta, ya koma ga gwaiduwar ƙwan kaza ko gari tun bakin kifin da cikinsa ba su shirya ba, a daidai makon da zobban baya suke jeruwa.

Na biyu shi ne zafin ruwa. Tun a 1891 David Starr Jordan ya lura cewa kifayen ruwan sanyi sukan fi danginsu na ruwan ɗumi yawan gaɓoɓin baya. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Vedel Taning, ya gwada abin da ƙwan kifin tirawut, ya buga bayaninsa a 1952: idan aka sauya zafin ruwa farat ɗaya a wasu 'yan kwanaki na musamman sa'ad da kifin yake cikin ƙwai, yawan gaɓoɓinsa yakan sāke. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ƙirga daban. Masu kiwon kifin salmon a ƙasar Norwe sun sha hasara da kifaye masu karkataccen baya kafin su gane cewa gaggawar ɗumama ƙwai tana cikin masu jawo ta. Yanzu ƙa'idarsu kada ruwan ƙwai ya wuce digiri 8. Tarwadarmu kifin ɗumi ce, wajen digiri 27 zuwa 30 take so. Amma ku tuna yadda hunturu yake a nan: da rana roba ta yi zafi, da asuba ruwan ya yi sanyin da ba a iya sa hannu. Wanda ya ƙyanƙyashe ƙwai a watan Janairu cikin baho a tsakar gida, ba rufi ba ma'aunin zafi, yana maimaita gwajin Taning ne kowane dare ba da saninsa ba. Haka kuma ƙarancin iska a ruwa, da cunkoso, da matse ƙwai daga cikin uwa kafin lokacinsa ko bayan ya wuce, duka suna ƙara yawan nakasassu.

Akwai wata cuta da take nuna muhimmancin waɗannan makonni fiye da kowane bayani nawa. Ta kifin tirawut ce ta ƙasashen sanyi, ba ta tarwada ba, an kuwa fara lura da ita a Jamus a 1893. Wata ƙwayar cuta ce take shiga ɗan kifi ta ci guringuntsin kansa da na bayansa, sai ya riƙa juyawa yana bin wutsiyarsa kamar mai hajijiya. Ta isa Amurka a shekarun 1950, a shekarun 1990 kuma ta rage tirawut na wani sashen kogin Madison a jihar Montana da wajen kashi 90 cikin 100. Amma kifin da ya riga ya mai da guringuntsinsa ƙashi kafin ya gamu da ita, da wuya ta nakasa shi. Ƙwayar cuta ɗaya, kogi ɗaya, bambancin 'yan makonni ne kawai.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, akan kuwa faɗi haka ne domin a ƙarfafa mai gyara. A wurin kifi maganar tana da ɗaya gefen, gama tun yana ɗanye ne kuma ake ɓata shi, wanda ya ɓata ɗin ma ba shi yake biya ba. Wannan ne yake damuna a sana'ar ƙyanƙyasa. Mai ƙyanƙyasa yana riƙe da kifin a makonnin da kome yake yankewa, ya sayar da shi kafin aibin ya nuna, hasarar ta faɗa kan wadda ta zuba adashinta. Ban ce dukansu macuta ne ba. Da yawa ba su san abin da sanyin dare ɗaya yake yi ba, gama ba wanda ya taɓa nuna musu jan zobe ƙarƙashin madubi. Amma cikinku akwai waɗanda za su shiga wannan sana'a bayan sun gama aji shida, tun da ba kowa ne zai sami gurbi a jami'a ba, jarin farawa kuma ba shi da yawa. Ku ba za ku iya cewa ba ku sani ba.

Ga iyayenmu masu saye kuwa, akwai abin da ido yake iya yi ko ba madubi. Ku zuba 'yan kaɗan cikin farin kwano da ruwa kaɗan, ku dube su daga sama a cikin haske. Lafiyayye miƙe yake kamar allura, iyonsa ma a miƙe. Ku lura da mai iyo a karkace, da mai gajeren jiki da babban kai, da wanda bakinsa ya goce. Idan kun ga biyu ko uku a kwano ɗaya, ku sani akwai 'yan'uwansu da ba su nuna ba tukuna. Ku tambayi mai sayarwa ranar da aka ƙyanƙyashe su, da abin da suka ci a makon farko, da kwana nawa suka ci shi. Ku ce ya nuna muku ma'aunin zafinsa. Mai aikin kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, yakan ma ji daɗi an yi su. Kada kuma arha ta ruɗe ku ga ragowar da aka tsince manya aka bari.

Kafin wani ya ɗauka maganar ta kifi ce kaɗai, ku shafa bayanku. Kowannenku ya taɓa zama da tsumagiyar nan a makonnin farko cikin mahaifiyarsa, ragowarta kuma tana nan har yau, ita ce taushin da ke tsakiyar faifan da yake raba gaɓoɓin bayanku. Kamannin ya kai har masu binciken cututtukan ƙashin mutum suna amfani da wani ɗan kifin rafukan Indiya mai zane irin na jakin dawa, wanda aka tabbatar a 2013 cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gādon mutum suna da takwara a jikinsa. A Jos ma, binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suke lanƙwashewa a wannan yanki, ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, ba rashin hasken rana ba. A 2015 suka ba da rahoton cewa garin busasshen kifi da aka niƙa ya warkar da irin waɗannan yara kamar yadda garin farar ƙasa ya yi. Ƙashin da ɗan kifi ya tara ɗigo-ɗigo, shi ne ya miƙe ƙafar ɗan mutum.

Zango mai zuwa ƙungiya tana so ta raba ƙwai ɗaya kashi biyu, rabi a cikin ɗaki a rufe, rabi a baranda, mu riƙa auna zafin ruwan da ƙarfe shida na safe da ƙarfe biyu na rana, sa'an nan mu rina su mu ƙirga gaɓoɓin. Muna bukatar ma'aunin zafi guda biyu, da ƙananan kwalabe masu murfi, irin na allura da aka wanke ma sun isa, da mutum huɗu waɗanda tashin asuba a hunturu ba ya ba su tsoro. Kwalaben bana guda 21 suna kan kanta ta biyu a ɗakin gwaje-gwaje, jere daga hagu zuwa dama. Duk mai son gani, ɗalibi ko malami ko mahaifi, ya zo ranar Alhamis bayan tashi. A fara da ta ranar huɗu, a nemi ɗan jan layi a bayan kunne.